Farin ɗigo da yauƙi a jikin kifi: yadda ake gano maganin da zai yi aiki

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar hunturu ya sauka a Argungu, Birnin Kebbi, Jega da Yawuri, kukan masu kiwon tarwada kusan iri ɗaya ne: 'ya'yan kifi sun rage ci, suna goga jiki a bangon tanki, wasu sun tsaya tsaye a saman ruwa kai sama, kullum da safe sai an tsame matattu. Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su fasa kafso su zuba a ruwa ko su cuɗa a abinci. Sau da yawa kuɗin banza aka kashe, domin kafso irin su tetirasaikilin maganin bakteriya ne, alhali abin da ke cin kifin wata halitta ce daban, mai ƙwayar halitta ɗaya tal, wadda likitoci ke kira furotozowa. Tana zaune a fatar kifi da kunnuwansa, wato jan naman nan da yake numfashi da shi a ƙarƙashin murfin kai. Maganinta a ruwa ake sa shi, kuma ya dogara da irin ƙwayar, da yawan ruwan, da ranar da aka maimaita.

Fara da ruwan kafin ka zargi cuta

Ruwa mai datti yana kawo alamu irin na cutar sak. Idan manya da ƙanana suka taso sama gaba ɗaya cikin 'yan awanni, ka duba abin da ya shiga ruwan: ragowar abinci da ya ruɓe, ko ruwan da aka jawo daga fadamar shinkafa bayan an yi feshi. Ƙwayar cuta ba ta kashewa farat ɗaya. Yau biyar, gobe goma sha biyu, jibi talatin, haka take hawa. Ka canja rabin ruwan, ka dakatar da abinci na yini guda, idan kana da abin gwajin amoniya da naitirait, wato dafin da kashin kifi da ragowar abinci ke haifarwa a ruwa, ka auna. In kifin ya warware, an gama. In bai warware ba, sai a duba jikinsa.

Gane ƙwayar

Nan ne mutane ke tsallakewa, kuma nan ne aikin yake. Ana buƙatar madubin likita irin wanda ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi, wanda kusan kowane ɗakin gwaji yake da shi. Ofishin likitan dabbobi na yankinku shi ne wurin farawa. Idan abin ya gagara, akwai Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa, kusa da Kainji, wadda mutanen Yawuri da Ngaski suka fi kusa da ita.

Kai kifi uku zuwa biyar masu rai waɗanda cutar ta bayyana a jikinsu, cikin ruwan tankinsu. Kada a kai matacce, ƙwayoyin suna barin gawa ko su mutu ba da jimawa ba. Mai gwaji zai kankare yauƙin jikin kifin da gefen ɗan siririn gilashi, daga kai zuwa wutsiya, ya ɗiba kuma daga gindin fiffike, sannan ya yanko ɗan ƙaramin ɓangaren kunne. Ya sa a kan gilashin gwaji da ɗigo ɗaya na ruwan tankin, ba ruwan famfo mai sinadarin kulorin ba, ya rufe, ya duba nan take a ninki 40, sai 100, sai 400. Ba a sa launi, da motsinsu ake gane su.

Mafi shahara ita ce cutar farin ɗigo. Masana na kiran ƙwayar Ichthyophthirius multifiliis, a taƙaice Ik, wani Bafaranshe mai suna Fouquet ne ya yi bayaninta a 1876. Ido yana ganinta kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, babbarta takan kai milimita ɗaya. A madubi dunƙule ce mai juyawa a hankali, a cikinta akwai wani abu lanƙwasasshe kamar takalmin doki. Wani lokaci a kunne kawai take taruwa, fata fes, kifi na mutuwa.

Tirikodina kamar faifai take, da zoben haƙora a tsakiya, tana ta walagigi a kan gilashi. Ita ce ta fi yawa a tankunan da aka cunkusa kifi ana jinkirin canja ruwa. Ɗaya ko biyu a gilashi ba abin tashin hankali ba ne. Idan suka cika fili, to su ne. Kostiya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai a ninki 400, tana ƙyalli tana karkarwa kamar harshen fitila. Tana sa fata ta yi toka-toka da yauƙi mai kauri, kuma ta fi kisa a ɗakin ƙyanƙyasa. Kilodonela shimfiɗaɗɗiya ce kamar ganye, tana son ruwan sanyi, don haka da hunturu ake yawan haɗuwa da ita. Efistilis kuma a gungu take, kowace a kan ɗan kara, ido na ganinta kamar ɓurɓushin auduga, ƙarƙashinta jan miki.

Akwai wani farin ƙurji da kan fito a kunnen tarwada wanda ake ɗauka farin ɗigo ne. Idan aka fasa shi a madubi sai a ga ɗimbin ƙananan ƙwayoyi masu wutsiya da ba sa motsi. Sunanta Henegwiya, kuma ba wani maganin ruwa da ke taɓa ta. Duk abin da ka zuba wahalar da kifi ne kawai. Gyaran ruwa, rage cunkoso da busar da tafki bayan girbi su ne abin yi.

Auna ruwan da kake da shi

Sau da yawa mutuwar da ke biyo bayan sa magani daga kuskuren auna ruwa take. Ana auna zurfin ruwan da ke ciki, ba tsayin bangon tanki ba. Tankin siminti mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 0.8: ka ninka su, 4.8 ke nan, wato lita 4,800. Tamfol mai zagaye: rabin faɗi sau rabin faɗi sau 3.14 sau zurfi. Mai faɗin mita 3 da ruwa mita 0.9 yana ɗauke da lita 6,360 ko kusa da haka. Wanda ya saba da ƙafa ya ninka tsawo, faɗi da zurfi, sannan ya ninka amsar da 28.3. Ƙafa 10 da 10 da zurfi 3 lita 8,490 ne. Rubuta adadin da fenti a jikin kowane tanki, tare da alamar inda ruwan ke tsayawa.

Ka mallaki sikelin kilo, da ƙaramin sikelin giram irin na masu sayen zinariya, da sirinji. Cokali da murfin gora da "ɗan kaɗan" ba ma'auni ba ne.

Gwajin bokiti

Kafin magani ya shiga babban tanki, a gwada shi a kan kifi kaɗan, domin ruwan rijiyar burtsatse a Aliero ba ɗaya yake da ruwan gulbi a Yawuri ba, kuma tarwada ba ta da ɓawo irin na karfasa, magani yana ratsa fatarta da sauri. Ɗebi ruwan tankin lita 20 a bokiti huɗu, kifi goma marasa lafiya a kowanne. Na farko ba a sa masa komai, shi ne mizani. Na biyu gishiri giram 60. Na uku fomalin, ruwan sinadarin nan mai kaifin wari da ake adana gawa da shi, rabin mililita. Na huɗu, narka giram ɗaya na fotasiyam famanganet, baƙin garin da ke mayar da ruwa shunayya, a lita ɗaya ta ruwa, ka ɗebi mililita 40 ka zuba. Zauna kusa da su awa ta farko, sannan ka riƙa leƙawa har awa 24. In an samu dama a sake kankarar yauƙi a duba. Maganin da ya rage ƙwayar kuma kifin ya jure shi ne naka. Idan na bokitin da ba a sa wa komai ba ma sun farfaɗo, matsalar cunkoso ce ko datti, ba rashin magani ba.

Gishiri

Shi muke sawa gaba ga mai tanki, saboda araha, ba ya barin komai a naman kifi, kuma kuskure a cikinsa ba ya saurin kisa. Yana tsotse ruwan jikin ƙwayar, yana kuma rage wa kifi wahalar da fatarsa ta ji rauni. Gishirin buhu na gari ake nufi. Kanwa ba ta maye gurbinsa, tana ɗaga alkalin ruwa, wato kishiyar tsaminsa, amoniyar da ke ciki ta ƙara dafi.

Jiƙo mai tsawo giram 3 ne a kowace lita, wato kilo 3 a lita 1,000. Tankin nan na lita 4,800 zai ci kilo 14.4. Narka shi a baho tukuna, ka raba uku, ka zuba kashi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ɗaya washegari. Manyan kifi suna jure har giram 5. 'Ya'yan da ba su wuce sati biyu da ƙyanƙyasa ba kada a wuce musu giram 1 zuwa 2.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen canjin ruwa. Mai tarwada yana zubar da ruwa kullum ko bayan kwana biyu, gishirin ya tafi da shi, shi kuma yana lissafin har yanzu yana kan magani. Duk ruwan da ka zubar ka mayar da gishirinsa: ka zubar da rabin lita 4,800, ka mayar da kilo 7.2. Amma ruwan da rana ta shanye bai tafi da gishiri ba, wannan cikowa kawai ake yi. Wanda yake son rage kashe kuɗi ya sauke ruwan zuwa rabi kafin ya fara, muddin kifin bai yi cunkoso ba.

Akwai kuma wankan gaggawa a baho: giram 10 a lita na minti 20 zuwa 30, ko giram 20 zuwa 30 a lita na rabin minti zuwa 'yan mintuna ga manya. Kifi ya fara kifewa a gefe, a tsame shi nan take zuwa ruwa mai kyau. Wannan yana kakkaɓe Tirikodina, Kilodonela da Efistilis sosai. Ba ya warkar da farin ɗigo, ga dalili.

Me ya sa farin ɗigo ke dawowa

Ɗigon da kake gani ƙwaya ce da ta shige ƙarƙashin fata tana ci, fatar kifin ta zama mata garkuwa, ba maganin da ke kai gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta fasa ta faɗo, ta manne a ƙasan tanki ko bango, ta lulluɓe kanta da kwanso, ta yi ta rabuwa har ta zama ɗaruruwan 'ya'ya, wani lokaci sama da dubu. Kwanson ya fashe su fito suna iyo suna neman kifi, wanda bai samu ba cikin kamar kwana biyu ya mutu. A wannan ɗan tsakanin da suke yawo a ruwa ne magani yake kama su.

Saboda haka sa magani sau ɗaya ba ya yin komai sai rage na ranar. Kuma ɓacewar ɗigo bayan kwana biyu ba warkewa ba ce, sun sauka haihuwa ne. A ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 26 zagayen yana cika cikin kwana 3 zuwa 6. Ruwa ya yi sanyi, zagayen ya yi tsawo, a digiri 15 yakan haura kwana goma. Don haka da zafi ana riƙe gishirin kwana 10 ba yankewa, da hunturu kwana 14 ko fiye, kuma ba a dainawa sai an yi aƙalla kwana uku ba a ga ɗigo ko ɗaya ba. Zuƙe dattin ƙasan tanki da tiyo kowace safiya yana fitar da kwansunan kafin su fashe, wannan kaɗai yana rage nauyin cutar ƙwarai. Rufe tanki da leda da dare a watan Disamba da Janairu yana riƙe ɗumi, zagayen ya yi sauri, kifin ya samu ƙarfin jiki. Akasarin irin wannan ƙwaya ba sa hayayyafa da kyau idan ruwa ya haura digiri 30, shi ya sa da bazara ba a cika ganinta ba.

Fomalin

Ya fi gishiri ƙarfi, shi ne kuma abin da ya fi dacewa da Kostiya. Wanda ake nufi shi ne mai ƙarfin kashi 37 zuwa 40 cikin ɗari. Jiƙo mai tsawo mililita 15 zuwa 25 ne a lita 1,000, tankin lita 4,800 ba zai wuce mililita 120 ba. A tsarma shi a bokitin ruwa, a zagaya tanki ana zubawa, bayan awa 24 a canja rabin ruwan. Ga Tirikodina da Kostiya sau ɗaya yakan isa, a duba a madubi bayan kwana biyu. Ga farin ɗigo kuwa, rana ɗaya a sa, rana ɗaya a huta, sau uku zuwa biyar, da sanyi kuma a bar kwana uku tsakani.

Littattafan ƙasashen sanyi suna ambaton gajeren wanka na mililita 250 a lita 1,000. Wannan na ruwan da bai kai digiri 21 ba ne. A ruwanmu kada a wuce 150, na minti 30 zuwa 45, da injin hura iska a kunne, mutum na tsaye a kai, sannan a sako sabon ruwa.

Haɗarinsa a iska yake. Kowane mililita 5 a lita 1,000 yana cinye kamar miligiram ɗaya na oksijin a kowace lita, kuma yana kashe gansakukar da ke sa ruwa kore, ruɓewarta ta ƙara cinye wata. Tarwada babba tana shaƙar iska a sama, takan tsira. Karfasa da ƙananan 'ya'yan tarwada ba su da wannan gata. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ruwa ke zafi, kada a sa fomalin a tafki mai kore in babu injin iska. Kada a sa wa kifi mai buɗaɗɗen miki. Kwalbar da ka ga farin gari ya kwanta a ƙasanta ta lalace, wannan garin guba ne ga kifi. Shi kansa mai zubawa ya sa safar hannu, ya kare ido da hanci, ya tsaya inda iska ke kaɗawa, domin fomalin yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. A kulle shi inda yara ba sa kaiwa.

Fotasiyam famanganet da kofa salfet

Tafkin ƙasa mai mita 20 da 10 da zurfin mita ɗaya lita 200,000 ne, gishirinsa kilo 600, buhu 12 mai kilo 50. Ba kowa zai iya ba. A nan fotasiyam famanganet ke shigowa, baƙin garin nan da ke mayar da ruwa shunayya, a jikin gwangwaninsa za ka ga KMnO4. Giram 2 a lita 1,000, wato giram 400 ga wancan tafki, giram 9.6 ga tankin lita 4,800. A narka shi sarai, ƙwayar da ba ta narke ba tana ƙona kifi.

Launi shi ne ma'auninsa. Yana ƙona duk dattin da ya tarar, ba ƙwayar cuta kaɗai ba, don haka a ruwa mai datti ƙarfinsa na ƙarewa nan da nan ya koma launin ƙasa. Ana son ya riƙe ja-ja-shunayyarsa aƙalla awa huɗu. Ya juya kafin nan, a ƙara giram 2 a lita 1,000, amma jimilla kada ta wuce giram 6. Gara a canja ruwa kafin a sa shi, magani kaɗan ya isa. Yana ƙona kunnen kifi idan aka yawaita, sau ɗaya a sati ya isa, shi ya sa bai dace da farin ɗigo mai son maimaici ba. Ba a haɗa shi da fomalin, a ruwa ko a wurin ajiya.

Kofa salfet, shuɗin garin nan, yana da araha kuma yana kashe farin ɗigo a manyan tafkuna, amma sai da abin gwajin jimillar alkalin ruwa. Ana raba adadin da 100, amsar ita ce giram nawa a lita 1,000: alkali 120, giram 1.2. In adadin bai kai 50 ba, ba a sa shi sam, zai kashe kifin. Komai yawan alkalin ba a wuce giram 2.5. Wanda ba shi da abin gwajin ya bar shi.

Ko wane magani ne, kada a ba kifi abinci ranar, a sa shi da hantsi bayan rana ta fito, lokacin da iskar ruwa ta fara dawowa kuma kana da yini guda na sa ido, sannan a tanadi ruwan canji kafin a fara.

Abin da bai kamata ya shiga kifin ci ba

Malakayit girin, koren maganin da ake sayarwa don kifin ado, yana kashe farin ɗigo sosai, amma Amurka da Tarayyar Turai sun hana amfani da shi a kifin ci. Yana zama a naman kifi watanni, ana kuma zarginsa da jawo ciwon daji, kuma banda ba ta fitar da shi. Kifin da za a kai kasuwar Yawuri ko ta Birnin Kebbi 'ya'yan mutane ne za su ci shi. Metilin bulu, shuɗin maganin da ake sawa a ruwa, shi ma na ƙwai ne da kifin ado. Metironidazol, wanda ake ba kifin ado don ƙwayoyin hanji, waɗancan ƙasashe sun hana shi a dabbobin da ake ci. Idan kifi ya kai girman sayarwa cutar ta shigo, gara a girbe a sayar da masu lafiyar da a zuba musu sinadari. Farin ɗigo da 'yan uwanta ba sa kama mutum.

Game da ganyayyaki, masu kiwo da yawa suna sa shuwaka, darbejiya ko tafarnuwa. Akwai abin dubawa a ciki: an gwada ruwan tafarnuwa a ɗakin bincike ya kashe 'ya'yan farin ɗigo masu iyo, a 2004 kuma masu bincike daga Kalaba da Jamus sun ga tasirin 'ya'yan gwanda da ganyen ƙarara a kan ƙwayar. Matsalar ita ce ƙarfin ganye yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, kuma darbejiya idan ta yi yawa ita kanta tana kashe kifi. Mai son gwadawa ya ƙara bokiti na biyar, ya auna ganyen da sikeli, ya rubuta abin da ya gani, kada ya fara da babban tanki.

Toshe hanyar da ta shigo

Ta hanya uku take zuwa: sabbin 'ya'yan kifi, ruwan gulbi ko na kududdufi da ƙananan kifin daji a ciki, da kayan aiki. Sabon kifi, ko daga wa aka saye shi, a ware shi tankinsa sati biyu zuwa uku da gishiri giram 2 a lita, da komarsa da bokitinsa daban. Mai jan ruwa daga gulbi ya ɗaura raga mai ƙananan ido a bakin bututu, in da hali ya ajiye ruwan a tankin da ba kifi na kwana uku kafin ya yi amfani da shi. Koma, baho da tiyo a jiƙa su a ruwan bilic na wanki mai ƙarfin kashi 3.5, mililita 6 a kowace lita, na minti 30, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, domin ragowar bilic ma kisa take yi.

Tankin da cutar ta ci a wanke shi haka nan, a bar shi ya bushe ƙayau kwana uku zuwa biyar. Tafkin ƙasa a zubar da ruwansa, a kwashe taɓon da ya taru, a barbaɗa farar ƙasa mai zafi kamar giram 200 a kowace murabba'in mita tun ƙasan na da danshi, musamman a kwarurrukan da ruwa ke kwanciya, a bar rana ta daki ƙasan har ya tsattsage. Bayan an cika ruwa a jira sati ɗaya zuwa biyu, a saka kifi goma a cikin raga su kwana biyu, in sun tashi lafiya a zuba sauran.